Fitilar Ɗakin Wanke Hoto

Ranar da aka sallamo Auta daga asibiti ya gane kowa. Ya gane Inna, mahaifiyarsa. Ya gane Yaya, wansa. Har ni da nake gyaran rediyo a rumfar da ke jingine da bangon shagonsu ya gane ni, ya ce, "Baba, har yanzu ba ka mayar wa mutane rediyonsu ba?" Aka yi dariya. Sai matarsa ta fito daga cikin gida da ruwa a kofi, tana murmushi, idanunta a kumbure. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya jawo hannun Yaya ya ce a hankali, "Wannan wace ce?"

"Matarka ce mana," in ji Yaya.

"Ta yi kama da ita. Wallahi ta yi kama da ita ƙwarai. Har tabon gefen girar an yi mata. Amma ba ita ba ce. Ina kuka kai matata?"

Ruwan nan bai sha ba. Ta tsaya da kofin a hannu har Inna ta karɓe shi.

Auta da Yaya masu hoto ne. Shago a gaba, gida a baya, ƙofa ɗaya ta haɗa su. Auta ya hau tsani ne zai rataya babbar fitilar ɗaukar hoto, tsanin ya zame, gefen kansa ya bugi kusurwar teburin ƙarfe. An ɗinke wurin, gashi ya soma rufe shi. A ido dai ya warke: yana tafiya, yana salla, yana tuna sunan kowane mai karɓar hoto. Matarsa kaɗai ce ta ɓace masa, ga ta kuwa a gabansa.

Yaya ya ce abin mai sauƙi ne. "Mu da fuska muke ci, da fuska muke sha. Bari in nuna masa."

Ya kwaso hotunan aurensu, ya ƙara wa wasu girma har suka kai faɗin ƙofa, ya jera su a bangon ɗakin Auta. Kullum da hantsi sai ya zaunar da shi a kujera, ya tsayar da matar a gefen hoton, ya ce, "Duba hancin. Duba haɓar. Juya gefe, ƙanwata. To, ka gani?" Ita kuma ta yi ta juyawa kamar wadda za a yi wa fasfo. An hana ta magana, wai kada ta raba masa hankali.

Auta ya ɗauko gilashinsa na duba hoto, ya bi hoton da shi, ya bi fuskarta da shi, ya jinjina kai.

"Wanda ya yi aikin nan gwani ne," in ji shi. "Amma Yaya, ni za a yi wa? Ni da nake cire wa mutane ƙuraje da hannuna, in rage wa wannan kumatu, in ƙara wa wancan haske? Fuska ai haɗa ta ake yi."

Daga nan ya soma ƙin abincin gidan, don ya ga ita ke dafawa. Ya soma ɓoye makullinsa a cikin safa. In ta shigo ɗaki sai ya fita. Da ya rasa wurin da ba za ta bi shi da ido ba, sai ya koma tsohon ɗakin wanke hoto, wanda aka daina aiki da shi tun da injuna suka zo. Ɗaki ne ƙarami marar taga, an shafe shi da baƙin fenti, ga dogon kwamin siminti inda ake jiƙa takarda a da, ga igiyoyin shanya har yanzu da 'yan abubuwan maƙale hoto a jikinsu. Iska tana shiga ne ta wani rami mai faɗin faranti a can ƙasan bango, da wata matacciyar fanka a cikinsa. Ramin nan a lungu ya ɓullo, daidai ƙafar kujerata. Shi ya sa na ji abin da na ji.

Wata rana da azahar ta gaji. Ta zo bakin ƙofar ɗakin, ƙofar a rufe, ta ce, "Don Allah ka fito ka ci wani abu. Ko ba daga hannuna ba."

Muryarta tana da ɗan dusashewa tun asali, shi ya sa yake tsokanarta da Mai Mura. Sai na ji kujera ta faɗi.

"Mai Mura? Ke ce?"

"Ni ce."

"Shigo maza, rufe ƙofar. Kada ta gan ki."

Ta shiga cikin duhun. Na ji yana kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fita da sauƙi. Ya ce, "Ina kika shiga? Akwai wata mata a gidan nan sanye da fuskarki. Su Yaya duk ta ruɗe su. Ki yi hankali da ita."

Na ajiye abin da ke hannuna don in ji me za ta ce.

"Na gan ta," in ji ta. "Ba ta da mugunta. Ita ma a wahale take."

"Ke dai kin cika yarda da mutane."

A ranar ya cinye abin da ta kawo, ya sha maganinsa. Daga nan abin ya zama tsari. Ta zo bakin ƙofa ta yi magana, ya buɗe, ta shiga, su zauna a gefen kwamin su yi hira kamar ba abin da ya faru. In ta fito tsakar gida cikin haske kuma, ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ni na saba da murya marar fuska, sana'ata ke nan, amma ban taɓa tunanin mutum zai iya zama miji da kunne ya zama baƙo da ido ba. Na kwana biyu ina juya abin a raina, har na haɗa wa wani wayar rediyo a baibai.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, Auta ya ce ba zai shiga mota da matar nan ba sai in an sa mutum a tsakaninsu. Aka sa ni.

An tura mu wajen wata likita da ke binciken irin waɗannan larurori na ƙwaƙwalwa, mace mai ɗan jiki da tabarau a kan goshi, wadda ke sauraron mutum har ya gama. Ta nemi izinin Auta, ya yarda. Ta ɗaura masa wasu wayoyi a yatsu biyu, ta ce suna auna ɗan gumin da fata ke yi idan zuciya ta motsa, wanda mai shi ma ba ya sani. Ta nuna masa fuskokin mutane iri-iri a allon kwamfuta, har da ta matarsa. Layin da ke tafiya a allon bai ko girgiza ba. Sai ta sa matar ta koma bayan labule ta ce, "Ka ci abinci?" Layin ya yi tsalle kamar an taka shi. Auta ya miƙe tsaye yana waige-waige.

Likitar ta fita da shi wajen wata ma'aikaciya, ta dawo ta zauna da mu.

"Mama, ɗanki ba ƙarya yake yi ba, ba kuma wani ne ya yi masa wani abu ba," in ji ta. "Idan ido ya ga fuska, saƙo biyu yake aikawa. Ɗaya ya ce, wance ce. Ɗayan ya kawo ɗumin da kake ji idan ka ga naka. A iya fahimtarmu, buguwar ta taɓa hanyar na biyun. Yana ganin fuskar daidai, amma ba ya jin komai, sai ƙwaƙwalwarsa ta ce to ai ba ita ba ce. Hanyar kunne kuwa lafiyarta ƙalau."

"To me ya sa ni ya gane ni?" in ji Inna.

"Ba mu gama sanin dalili ba. Amma sau da yawa abin yakan faɗa ne a kan wanda ya fi kusa da zuciyar mutum."

Likitar ba ta lura ba, amma ni na ga fuskar Inna. Ta gyara mayafinta, ta kawar da kai wajen taga.

Yaya kuwa ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Auta da ke kan tebur, ya ɗaga shi sama wajen haske kamar yadda ya saba, ya karkata kai. Likitar ta nuna masa wani ɗan tabo a gefen dama.

"Wannan?" in ji shi. "Wannan ai datti ne a jikin takardar. Hoton nan in ni na ɗauka, kunyar ba mai shi zan ji."

Ta yi murmushi ta ci gaba. Ta ce a daina tsare shi da hotuna, a daina yi masa gardama. Ta ce matar ta ci gaba da fara magana kafin ya gan ta, kuma a riƙa kawo su tare, za su gwada ƙara haske kaɗan-kaɗan tana cikin magana, ko hanyar kunne za ta koya wa ta ido. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Ta ce wasu suna samun sauƙi, musamman in ba a katse magani ba.

A mota Yaya ya ce, "Kun ji ko? Bincike. Ƙanena ne zai zama ɓeran gwajinsu. Gobe a ji a gari mai hoto ba ya gane fuska, wa zai ƙara zama a gaban kyamararmu?"

"Ta ce ba za a ambaci sunansa ba, Yaya," in ji matar.

"Ke kuma har kun saba da likitar?"

Inna tana gaba, ba ta waiwayo ba. Can sai ta ce, kamar da gilashin motar take magana, "Wata tara na ɗauke shi. Yau an auna da waya an ce wata ta fi ni kusa."

Ba a ƙara komawa asibitin ba.

Daga ranar aka sa wa matar ido. In ta ɗauki faranti ta nufi ɗakin wanke hoto, sai Inna ta ɗaga murfin ta shinshina. In ta fito, a dubi hannunta. Na ji Inna tana ce wa wata ƙanwarta da ta zo dubiya, "In abin kirki take yi, me ya sa sai a duhu? Me take ba shi a can da ba ta so a gani?" Ƙanwar ta ce ita ma tun ranar farko ba ta yarda da idon yarinyar nan ba.

Abin da na lura da shi shi ne, maganar Auta kashi biyu aka raba ta. In ya tsaya a tsakar gida ya ce wannan ba matarsa ba ce, sai Inna ta ce, "Kun ji dai, da bakinsa ya faɗa. Wataƙila Allah ne ya buɗe masa ido ya ga halinta." In kuma ya ce daga cikin ɗakin, "Ku bar mini matata, ita kaɗai ke kula da ni," sai a ce, "Allah sarki, ciwo ne ke magana."

Sannan maganar tsanin ta taso. Wani ya tuna cewa ranar da abin ya faru, matar ta goge ƙasan shagon da safe. Aka ce ruwa ne bai bushe ba. Aka ce wa ya sa ta ma? Maganar ta fara da "wataƙila", kafin mako ya zagayo ta zama "ai kowa ya sani". Ni dai abin da na sani, ƙasan nan ya bushe tun kafin hantsi, don na shiga aron abin kwance ƙusa ban ga laima ba. Kuma lokacin da muka ji ƙarar faɗuwar, Yaya yana bakin titi da waya a kunne yana dariya. Aikin rataya fitila kuwa na mutum biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya riƙe da tsani. Kullum haka suke yi.

Na taɓa faɗa wa Yaya haka a hankali, muna mu biyu. Ya dube ni ya ce, "Baba, shekaru sun fara yi maka wasa da tunani."

Wata rana da la'asar ina jin su ta ramin, Auta ya ce, "Mai Mura, wani abu yana dawo mini. Ina sama, na ce a miƙo mini igiya, ba wanda ya amsa. Wa ke riƙe da tsanin?"

"Ka bar wannan, ka ci abincinka."

"A'a, wa ke riƙe da shi?"

A daidai lokacin na ji takun takalmi yana barin bakin ƙofarsu ta cikin gida. Takalmin Yaya yana da ƙarfe a dunduniya, kowa a layin ya san ƙararsa.

Washegari da safe, Auta yana wanka, Yaya ya shiga ɗakin wanke hoto da waya da guduma. Ya kafa ɗaya daga cikin manyan fitilun shagon a saman kwamin, irin wadda in ta haska mutum sai ya ga kore-kore a idonsa. Makunnin kuwa a waje ya sa shi, a jikin bangon tsakar gida. Da Inna ta tambaya ya ce, "Marar lafiya da duhu ba sa haɗuwa. Kuma mu ma mu ga abin da ake yi mana a gida."

Ya jira sai da azahar, sai da ta shiga, sai da hira ta yi daɗi. Ina jin Auta yana dariya, yana ce mata ko a lahira zai gane wannan murya ta mai mura. Sai haske ya fito ta ramin ya faɗo a kan ƙafata.

Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa ba.

"Yanzun nan tana nan! Hannunta yana cikin nawa! Kun sauya ta! Ina kuka kai ta?"

Ya ture matar da ya gani zaune a wurin matarsa. Goshinta ya bugi bakin kwamin. Kafin in zagaya in shiga gidan, an fito da ita tsakar gida jini yana bin fuskarta, tana cewa, "Ku kashe fitilar, don Allah ku kashe, zai gane ni." Ba wanda ya kashe. Yaya ya tura ƙofar ya sa sakata.

"Kin gani ko, Inna?" in ji shi. "Da ban sa fitilar nan ba, wata rana gawa za mu tarar."

Da yamma aka kira kawunta. Aka ba shi kujera, aka yi masa magana mai daɗi. Aka ce don lafiyarta ne. Aka ce ba korarta aka yi ba, ta je ta huta sai ya warke. Inna har da hawaye, ta ce ba za ta iya kallon iyayen yarinya ba in wani abu ya same ta. Kawun ya dubi plastar da ke goshinta, ya ce gaskiya ne, ya gode da aka yi tunani.

"Inna, ba ya cin abinci sai ya ji muryata," in ji ta.

"Kafin ki zo ai yana ci," in ji Inna.

Ta roƙi a bar masa wayarsa ko ta riƙa kiransa. Yaya ya ce wayar ce ma ke tayar masa da hankali, ya sa ta a aljihu.

Aka bar Auta a ɗakin wanke hoto, aka huda ƙofar daidai ido don a riƙa leƙensa, fitilar kuma aka bar ta a kunne ba kashewa, don in duhu ne ba a ganin abin da yake yi. Mutumin da ya gudu cikin duhu don ya huta, sai ga shi a ƙarƙashin hasken da ko mai lafiya ba ya jurewa. Maganin asibiti aka ajiye shi a saman firji, wai yana sa shi barci da yawa. Farantin da aka tura da safe shi ake janyewa da yamma, ba a taɓa ba. Ta ramin ina jin yana zagaye ɗakin, yana magana ƙasa-ƙasa. Yanzu zarginsa ya wuce matar. Ya ce idon da ke leƙensa ba na Yaya ba ne. Ya ce an sa wani abu a ruwa.

Ranar da matar ta dawo, ta lungu ta biyo, lokacin da shagon ya cika da 'yan makaranta masu ɗaukar fasfo. Ta gaishe ni ta ce, "Baba, ka ɗan matsa mini kujerarka." Ta durƙusa a ƙasa, ta sa bakinta kusa da matacciyar fankar.

"Kai mai hoto. Ka ci abinci?"

Zagayen ya tsaya.

"Mai Mura! Murar nan dai ba ta warke ba?"

"Kai ne ba ka saya mini magani ba."

"Ina suka ajiye ki?"

"Kusa. Ba sa dukana. Farantin da ke gabanka ka ci, na san wanda ya dafa."

Na ji ƙarar cokali. Ta zauna a ƙasan lungun nan, ƙura duk ta ɓata mata zane, tana ba shi labarin banza: kyanwar kawunta ta haihu a cikin kwandon wanki, mai kayan miya ya yi faɗa da mai gawayi. Shi kuma yana ci yana gyara mata labarin. Na ɗaga sautin wata rediyo don kada a ji su daga titi.

Ta yi ta zuwa haka. Ta kuma je wajen likitar ta faɗa mata komai. Likitar ta kira Yaya a waya, ya ce sun gode, jiki ya yi sauƙi. Ta zo da kanta wata rana, ya tare ta a ƙofar shago da fara'a ya ce ai Auta ya yi tafiya wajen dangi. Tana tsaye tana kallonsa, ni kuma ina ƙoƙarin tashi in yi magana, sai ya riga ni: "Baba ne, maƙwabcinmu. Ya ɗan tsufa, kya yi haƙuri da shi." Na ce mata Auta yana ciki, a kulle. Ta ce za ta kai maganar gaba, kuma na yarda ta kai. Amma gidan ya riga ta.

Farantin da ke dawowa fanko ne ya tona asiri. Yaya ya leƙa ta hudar ƙofa ya ga Auta kwance a ƙasa, kunnensa a jikin bango, yana dariya. Ya kira Inna ta gani. "Yanzu kuma da bango yake hira," in ji shi. Inna ta ce wannan ya wuce na asibiti. Amma Yaya ba wawa ba ne. Ya zagayo lungun a hankali, takalmi a hannu, ya tarar da ita a durƙushe.

Bai ɗaga murya ba. "Ƙanwata, ashe ke ce bangon?"

"Yaya, yana ci. Ka duba farantin."

"Mu muna neman ya dawo hayyacinsa, ke kina koya masa jin muryoyi."

"Muryata ce. Ba muryoyi ba ne."

Na ce, "Kai ma ka ji abin da likita ta ce."

"Baba, girmanka nake gani," in ji shi. "Rumfar nan taka a jikin bangon wa take?"

Kafin la'asar ya kwaɓa siminti a tsohon bokitin fenti. Ya cire fankar ya jefar, ya toshe ramin da rabin bulo, ya shafe. Yana da hannu mai kyau, har ya bi wurin da jiƙaƙƙen soso don kada a ga tabo. Ta ciki ina jin Auta yana kira, muryar tana raguwa yayin da simintin ke hawa, kamar tashar da ake juya mata baya a hankali.

Bayan haka ban ƙara jin komai daga bangon ba sai bugu, shi ma ya zo ya daina.

An yanke shawarar kai shi wajen wani mai magani a can nesa, inda ake ajiye irinsu a ɗaure har su natsu, kuma ba a barin waya. Da hantsi aka fito da shi. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zama kamar na yaro, idanunsa sun yi ja yana ƙifta su. Yaya na riƙe da hannu ɗaya, direba na riƙe da ɗayan. Inna tana bakin ƙofa tana share ido tana cewa, "Don ka warke ne, Auta. Uwa ba ta cutar da ɗanta."

Matar tana tsallaken titi. Ban san wa ya faɗa mata ba. Ya ɗaga kai ya gan ta, ya tsuke fuska.

"Har nan ta biyo ni," in ji shi. "Yaya, ka ce ta tafi."

"Ka ji ko?" Yaya ya ce da ƙarfi don mutanen layi su ji. "Da bakinsa."

Aka sa shi a kujerar baya. Sai ta tsallako. Da ta zo kusa da motar ta ja mayafinta ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya wa tagar baya, ta tsaya kamar mai jiran wani.

"Kai mai hoto," in ji ta. "In sun ba ka abinci a can, ka ci."

Ya zabura har kansa ya bugi rufin motar.

"Mai Mura! Sun sake ki?"

"Tukuna."

"Kina ina? Ban gan ki ba. Yaya, tsaya, tana nan! Wallahi tana nan!"

Yaya ya miƙa hannu ya ɗaga gilashin, ya ce wa direba ya kunna rediyo. Motar ta tashi. Har ta sha kwana ina hango Auta ta gilashin baya yana dube-dube, yana duban kowa a titin ban da matar da ke tsaye da mayafi a fuska.

Shagon yana nan, kasuwa ma ta ƙaru. In an tambayi Auta sai a ce yana samun sauƙi, an kusa dawo da shi. An daɗe ana faɗin haka. Inna tana yi masa addu'a kullum, kuma na yarda da gaske take yi. Ɗakin wanke hoto an mayar da shi wurin ajiyar firam ɗin hotuna. Fitilar an cire ta an mayar da ita shago, ita ake haska masu aure da ita.

Manyan hotunan nan da Yaya ya wanke don ya nuna wa ƙanensa matarsa, ya ga asara ce a bar su a ɗaki. Ya zaɓi wanda ya fi kyau ya sa a tagar shago don jan masu wucewa: Auta a tsaye, ita a zaune, hannunsa a kafaɗarta. Mata sukan tsaya su ce, "Kai, waɗannan sun dace." Yaya ya leƙo ya ce, "Aikinmu ne. Ku shigo a yi muku irinsa."

Ita kuma takan biyo ta lungu wani lokaci ta gaishe ni. Ba ta kallon tagar. Takan tsaya ne a gefen kujerata, ta dubi wurin da simintin ya fi sauran bangon haske, ta ce, "Baba, ko an ji yana ci?"